Ranar da Dunƙule Ta Tsage

A Kwarin Marke, can arewa inda gonakin gero suke ƙarewa rairayi ya fara, an taɓa haƙo haƙori a cikin rijiya. Tsawonsa ya kai kamu guda, baƙi ƙirin kamar an turara shi, kuma duk wanda ya ɗora shi a tafin hannu sai ya ji shi da ɗumi, kamar yanzu aka fizge shi daga bakin mai shi.

Waɗanda suka haƙo shi wa da ƙane ne, Nomau da Arzika, magina rijiya, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarar nan fari ya yi tsanani. Rijiyoyin garin duk sun ƙafe, mata na yin tafiyar yini kafin su samo tulu guda, wasu gidajen har sun fara ɗaure kaya. Maigari ya ce in wannan rijiya ba ta ba da ruwa ba, to kowa ya kama gabansa.

Nomau ne babba, shi ya koya wa Arzika riƙon dagi bayan rasuwar ubansu. Amma Allah ya ba ƙaramin wani abu da ba a koyarwa. Yakan kwanta ya kara kunne a ƙasa, ya tashi ya ce a haƙa nan, kuma a tarar da ruwa. Sannu a hankali masu kawo aiki suka daina tambayar Nomau. Sai su yi sallama a ƙofar gida su ce, "Arzika na nan?" In Nomau ne ya fito, su ce, "Af, yayan Arzika ne. To, ka gaya masa mun zo." Yakan yi murmushi ya ce zai gaya masa. In ya koma ciki, sai ya ture tuwon ranar gefe.

Wannan karon ma Arzika ne ya zaɓi wurin. Sun yi zurfin da ba su taɓa yi ba, babu ko laima. Nomau na haƙa, rabin zuciyarsa na roƙon Allah ya kawo ruwa, rabi kuma na cewa bari dai a ga yadda kunnen nan zai ji kunya ko sau ɗaya.

Da hantsi dagin Arzika ya daki haƙorin. Ya tone shi, ya jujjuya, ya sa a guga aka ja sama. Daga can bakin rijiya suka jiyo mata sun ɗauki guɗa, ana cewa Arzika ya haƙo abin mamaki. Shi kuwa Arzika sai ya dafa ƙasar wurin da ya huda, ya ce cikin raha, "Gafara dai, mai wuri. Ban san da kowa a nan ba."

Bai rufe baki ba ƙasan rijiyar ya buɗe. Rairayi ya zurare da su duka biyu, da igiyarsu da daginsu, suka yi ta gangarawa cikin duhu har suka faɗo a wani kogo mai haske, ba fitila ba rana.

Wata tsohuwa ce zaune a tsakiyar kogon. Fatarta layi-layi take kamar bangon rijiya, nan ja, nan fari, nan ruwan toka. Gashinta saiwoyin itace ne, 'yan kunnenta kuwa katantanwa ce da ta zama dutse. Ta ɗago kai a hankali, ƙura na zuba daga wuyanta.

"Wane ne a cikinku ya nemi gafara?"

Arzika ya durƙusa. "Ni ne, ranki ya daɗe."

"Tun da 'yan Adam suka fara huda bayana da ƙarfe, ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Ni ce Magajiyar Ƙasa. Ubangiji ya ba ni ajiyar zamanin da ya wuce. Abin da kuke cewa ya shuɗe, a wurina jere yake, wani bisa wani, kamar tabarmi. Faɗi buƙatarka, ya kai mai ladabi."

"Ruwa, ranki ya daɗe. Garinmu zai watse."

Tsohuwa ta miƙa hannu cikin bango kamar mai ɗauko abu a taga, ta zaro wata gora fara sol. "Ruwan garinku bai ɓace ba, tsufa ya yi ya kwanta. Za ku sauka zuwa Dunƙule, ƙasar farko, lokacin da duk ƙasashen duniya suke haɗe wuri ɗaya, teku ɗaya ya kewaye su. A tsakiyarta akwai Idon Farko, inda ruwa ya fara ɓulɓulowa. Ka cika gorar nan, ka zuba a rijiyarku, tsohon ruwa zai ji ƙanshin ƙuruciyarsa ya farka. Amma ku yi hanzari. Dunƙule ƙwarya ce a kan wuta, kuma yau za ta fashe, kowace sakaina ta kama hanyarta a kan ruwa. Abin da ya ci shekaru dubban dubbai, a nan tsakanin hantsi da la'asar yake faruwa."

Ta miƙa wa Arzika gorar. Nomau ya matso, ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, ni ne babba. A wurinmu babba ake danƙa wa amana."

Tsohuwa ta dube shi, ta yi wata dariya mai kama da zubar tsakuwa. "Babba? Ɗan Adam, na ga duwatsu suna rarrafe. Daga inda nake zaune ban ga tazarar da ke tsakaninku ba. Kai riƙe igiya da dagi."

Ta buga ƙafa, bango ya dare, suka fita.

Teku suka tarar, ruwa shuɗi iyakar ganin ido, mai ɗumi kamar an sirka. Arzika ya hangi wasu tsaunuka uku a nesa, ya kama hannun wansa. "Yaya, dubi! Duwatsun bayan garinmu ne. Ashe inda muke shuka gero, da can ƙarƙashin teku yake!"

Nomau ya janye hannunsa. "Na gani. Ni ma ina da ido."

Ruwa ya motsa, wani kunkuru ya taso, bayansa ya fi rufin babban zaure faɗi, ciyawar ruwa da katantanwa sun yi gida a kansa. Ya buɗe ido ɗaya.

"Wane ne mai ɗauke da gorar Magajiya?"

"Ga ni, ya dattijon ruwa," in ji Arzika.

"Marhabin da kai. Hau tsakiyar bayana inda ya bushe. Ɗan rakiyarka ya kama gefe."

Arzika ya ce, "Yayana ne, ba ɗan rakiya ba ne." Kunkuru ya lumshe ido. Arzika ya matsa ya ce wa wansa ya hauro su zauna tare, Nomau ya ce a'a, shi nan ma ya ishe shi. Ya maƙale a gefe, ruwan gishiri na dukan fuskarsa. Ƙarƙashinsu wasu halittu suna wucewa, jiki kamar kwalekwale, wuya kamar mesa, ƙafafu kamar filafilin tuƙa jirgi. Wata ta ɗago kai ta shinshina ƙafar Nomau, ta hangi farar gora a ƙirjin Arzika, ta sunkuya ta nutse. Nomau ya gane cewa albarkacin ƙanensa aka bar masa ƙafarsa, kuma ya ji da ma an cije ta.

Kunkuru ya kai su inda teku ke juyawa yana zurarewa cikin wani rami. Ya ce, "Zamanina a nan ya tsaya. Dunƙule ta girme ni, tana ƙasa." Ya karkata bayansa, suka zame, ruwa ya haɗiye su.

Suka farfaɗo a cikin wani daji da ba su san ko itace ɗaya a cikinsa ba. Ba kuka, ba tsamiya, ba fure ko ɗaya. Itatuwa ne dogaye masu ganye kamar gashin jimina, iska mai nauyi da warin laka. Ƙwari masu fukafukai kamar na shaho suna shawagi. Can sama wasu tsuntsaye marasa gashi, fukafukansu fata ce zalla irin ta jemage, suna ratsa gajimare suna kuka kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Ƙasa kuwa ba ta daina motsi ba, tana gurnani a hankali kamar cikin mai jin yunwa.

Suna tafiya sai Arzika ya jingina da wani kututture don ya huta, kututturen ya ɗaga ya taka gaba. Ƙafa ce. Suka ɗaga kai, suka ga wata dabba da giwa ba za ta kai mata gwiwa ba, wuyanta ya wuce giginya, ɗan ƙaramin kanta can a sama yana tsinkar ganye. Garke ne guda, suna tafe a natse, ƙanana a tsakiya. Babbar cikinsu ta sauko da wuyanta har ƙasa, ta hura wa gorar numfashi, ta ajiye kanta a gaban Arzika kamar raƙumin da ya san ubangijinsa. Ya shafa goshinta yana dariya, hawaye na zubo masa.

"Yaya, zo ka taɓa! Wallahi laushi gare ta."

"Ba wasa ya kawo mu ba," in ji Nomau. Amma da Arzika ya juya baya, ya miƙa hannu. Dabbar ta ɗauke kanta ta mayar sama.

Ba su yi nisa ba garken ya watse da gudu, ƙasa na girgiza. Wani dodo ya keto daji a kan ƙafa biyu, bakinsa dogo kamar na kada, a gadon bayansa wata fata ce miƙe kamar an kafa zana. Wannan bai san gora ba, bai san Magajiya ba. Ya yi kan Arzika, saiwa ta harɗe Arzika ya faɗi, ya rungume gorar a ƙirjinsa.

Nomau bai tsaya tunani ba. Ya yi tsalle ya shiga tsakani, ya ɗaga dagi da hannu biyu, ya kai wa bakin dodon irin saran da yake yi wa dutsen ƙasan rijiya. Aka ji ƙas! Wani baƙin haƙori ya yi sama ya faɗo ya kafe a laka. Dodo ya yi wata ƙara da ta zubar da ganye, ya juya ya faɗa kogi, jini na bin bayansa.

Arzika ya tashi yana haki. Ya dubi haƙorin, ya dubi wansa. "Yaya! Ashe kai ka cire haƙorin da na haƙo! Wallahi in muka koma sai kowa ya ji wannan."

"Ni na cire," in ji Nomau, "kai aka yi wa guɗa."

Arzika ya sake dubansa. Tun suna yara bai taɓa jin wannan muryar a bakin wansa ba. Ya buɗe baki zai yi magana, ƙasa ta yi wata girgiza da ta durƙusar da su, hayaƙi ya fara fitowa daga tsakanin duwatsu. Suka tashi suka ci gaba.

Rana ta karkata lokacin da suka iso tsakiyar Dunƙule. Wani kwazazzabo ne siriri ya raba filin biyu, kuma a kansa wani kada ya kwanta ya zama gada, kansa a wannan gefe, wutsiyarsa a wancan. Tsawonsa ya kai jerin raƙuma. Can ƙetare, a gindin wani farin dutse, ruwa ne ke ɓulɓulowa garau, sanyinsa har nan ana jinsa.

Kada ya yi magana, bakinsa bai motsa ba. "Ni ne mai tsaron Idon Farko. Na sha daga gare shi tun kafin a yi wa taurari suna. Mai gora ya taka bayana ya wuce. Wanda ba a aiko ba ya tsaya inda yake."

"Ya mai tsaro," in ji Nomau, "tare aka aiko mu."

"An aiko ɗaya. Ɗaya ya biyo."

Arzika ya ce, "Yaya, yanzu zan dawo." Ya taka bayan kada ya ƙetare. Nomau ya tsaya da igiya a kafaɗa yana kallo. Ya ga ƙanensa ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya cika gorar, ya toshe bakinta. Gorar ta ɗauki haske kamar an zuba mata wata a ciki. Nomau ya ga abin da zai biyo baya tamkar a gabansa ake yi: mutane sun ɗaga Arzika a kafaɗa, makaɗa na zuga shi, Maigari na naɗa masa rawani, shi kuma yana can baya yana naɗe igiya.

Sai ƙasa ta tsage.

Ƙarar ta fi aradu. Kwazazzabon ya wage baki, kada ya sulale ya faɗa ciki, wuta ja ta taso daga ƙasa, sai ga teku ya kwararo daga kudu ya afka wa wutar, tururi ya turnuƙe sama. Gefen da Arzika yake ya fara ja da baya, da dajinsa da duwatsunsa da wani garken dogayen wuya a kansa, yana tafiya yamma kamar jirgin da aka kwance.

"Yaya! Jefo igiya!"

Tazarar ba ta kai tsawon igiyar ba tukuna. Nomau ya ɗaure bakinta a jikin itace, ya naɗe sauran a hannu, ya ɗaga zai wurga. Idonsa ya sauka a kan gorar. Hannun ya tsaya.

"Jefo gorar tukuna."

"Yaya, igiyar! Ƙasa tafiya take yi!"

"In kana ƙetarowa za ta faɗa ruwa, garinmu ya hallaka. Jefo ta tukuna, na ce."

Maganar tana da kan gado, kuma shi kansa Nomau ya so ya yarda da ita. Amma Arzika ya tsaya cak, ya dubi wansa ta cikin tururi, irin kallon da mutum ke yi wa gidansu in ya dawo daga tafiya ya tarar an canza ƙofa. Bai ƙara roƙo ba. Ya cire rigarsa, ya naɗe gorar a ciki, ya wulwula, ya sako.

Gorar ta wuce kan Nomau ta faɗa cikin ciyawa ta gangara. Ya saki igiya ya bi ta a guje. Ya cafke ta, ya warware rigar, ya duba ko ta fashe, ya ji sanyinta a tafinsa, ya rataya ta a wuya. Sannan ya dawo ya ɗauki igiya ya wurga da dukkan ƙarfinsa.

Bakin igiyar ya daki gefen dutse, taƙi ɗaya ƙasa da yatsun Arzika, ya faɗa ruwa. Nomau ya janyo ya sake wurgawa. Wannan karon ko kusa ba ta kai ba. Ya cire rawaninsa ya ƙulla, ya cire ɗamararsa ya ƙulla, ya shiga ruwa har ƙirji yana wurgawa yana kiran sunan ƙanensa, har muryarsa ta dushe.

Daga can nesa iska ta kawo masa magana, guntu-guntu. "Ka kai wa Inna ta fara sha. Ka kula mini da yara." Arzika ya ƙanƙance ya zama kamar tsinke a bakin gaɓa, gaɓar ta zama layi, layin ya shige cikin hazo. Babu komai sai teku sabo fil, yana tafasa.

"An cika gora," in ji wata murya a bayansa.

Magajiyar Ƙasa ce zaune a kan dutse, kamar da ma a nan take. Nomau ya fito daga ruwa ya zube a gabanta.

"Ranki ya daɗe, ki dawo da ita! Ki karɓi gorar, ki karɓi raina, ki dawo da ƙasar nan!"

"Ba ni na tura ta ba, ɗan Adam, ba kuma ni zan tsayar da ita ba. Za ta yi ta tafiya yamma, kowace shekara gwargwadon abin da farcenka ke tsirowa, har babban teku ya kwanta a tsakani. Da za a kawo bakin waccan a kara da bakin wannan, da sun dace kamar sakaina biyu na ƙwarya ɗaya. Amma ba a zamaninku ba."

"Mutuwa zai yi?"

"Wanda ya nemi gafarata baƙona ne, ba abin da zai taɓa shi. Namun can za su durƙusa masa. Zai ga duwatsu suna tsirowa, ya ga furen farko ya buɗe, ya ga abin da idon mutum bai taɓa gani ba, ba kuma zai gani ba."

Nomau na durƙushe, hawaye na zuba, amma can ƙarƙashin kukan ya ji wani abu ya sake cizonsa a inda ya saba cizo. Ko a nan ma Arzika aka zaɓa.

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa. Ta buga ƙafa.

Ya buɗe ido ya gan shi a ƙasan rijiyar Kwarin Marke, shi kaɗai, rana ta yi la'asar, kawunan mutane sun kewaye bakin rijiya suna kira. Ya buɗe gorar ya tsiyaye ta a ƙasa, ya rage kaɗan. Ƙasa ta yi ajiyar zuciya, ruwa ya ɓalle ta ko'ina, kafin a janyo shi sama ya kai masa ƙugu.

Aka ɗaga shi a kafaɗa. Ya ba da labari, ya faɗi kunkuru da dodo da kada, ya ce ƙasa ta tsage da Arzika a ƙetare, igiya kuma ba ta kai ba. Aka yi salati, aka yi kuka, aka sha ruwa. Maigari ya kwance rawaninsa ya naɗa masa a gaban jama'a. Makaɗa suka ɗauki kiɗa, amma waƙar da ta fito ta Arzika ce, wanda ya ba da kansa gari ya rayu. Nomau na tsaye da sabon rawani a ka yana saurare, yana jiran inda za a ambaci mai dagi. Ba a ambata ba.

Ya zame daga taron ya nufi gida. Mahaifiyarsu, Inna Tabawa, na zaune a ƙofar ɗakinta, tsufa ya hana ta fita, amma labari ya riga shi isowa. Ya durƙusa, ya juye sauran ruwan gorar a ƙoƙo, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Inna, ya ce ke za ki fara sha."

Ba ta karɓa ba. Ta dubi gorar da ke rataye a wuyansa, ta dubi rawanin.

"Nomau, ina gorar nan take lokacin da ƙasa ta tsage?"

"Tana hannunsa, Inna."

"Igiya fa?"

"Tana hannuna."

"To. Gora ta ƙetaro, ɗana bai ƙetaro ba."

Ya sunkuyar da kai. Daga dandali ana jiyo ganga da guɗa. Ta miƙa hannu ta karɓi ƙoƙon, ta yi bisimilla, ta shanye har ɗigon ƙarshe, ta kife shi a ƙasa.

"Na sha, don Arzika ne ya ɗebo," in ji ta. "Tashi ka koma wurin bikinka, suna jiranka."